Mai Lamba da Baburansa Tara

Shekara talatin da ɗaya Mai Lamba ya yi yana gadin baburan mutane a bakin ƙofar kasuwa, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Shi dai cewa yake lokaci ne bai samu ba. Duk wanda ya san shi ya san tsoro ne, amma ba a faɗa a gabansa, don mutum ne da in ka gaya masa magana sai ya riƙe ta shekara guda kamar ajiya ka ba shi.

Aikin ba shi da wani asiri. Rumfar kwano ce a gefen ƙofa, da benci ɗaya, da waya a miƙe an jera mata lambobin ƙarfe bibbiyu. Ka kawo babur, ya rataya lamba ɗaya a hannun babur ɗin ya miƙa maka 'yar'uwarta. Ka dawo, ya haɗa su ya duba, sannan ka fita da abinka. Daga nan sunan ya fito ya binne na gaskiyan, har matarsa ma da shi take kiransa in tana son tsokana. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da ya kama aikin, ko madubi bai taɓa ɓata a rumfarsa ba. Tun babur yana can kan kwana yake gane mai shi daga kukan injin, ya zaro lamba ya riƙe kafin mutum ya tsaya. Ya san wanda sarƙarsa ta saki, ya san wanda ya yi wata shida bai canza baƙin mai ba, kuma yana faɗa musu ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Wanda bai taɓa hawa ba shi ya fi kowa iya gyara wa mahaya zama.

Bayan rumfar akwai shagon Mai Gwanjo, wani ƙaton mutum mai yawan dariya, wanda sana'arsa buɗe dilar tsofaffin kayan wasan yara da aka gama yayinsu a wasu gidaje can nesa. 'Yar tsana mai hannu ɗaya, mota ba taya, jirgi ba fiffike, duk yakan zube su a ƙasa a zo a zaɓa. A shekarar da matar Mai Lamba ta rasu, wata rana wata leda ta fashe wajen buɗe dila, 'yan bulo na roba suka watsu har ƙarƙashin bencinsa. Irin waɗannan ne masu 'yan kawuna a sama da ramuka a ƙasa, a danna wannan cikin wancan su kama juna. Ya sunkuya yana tsince wa maƙwabcinsa, sai hannunsa ya faɗa kan wata 'yar taya da ba ta fi bakin kofin shayi faɗi ba, amma da zanenta da komai kamar ta gaske. Mai Gwanjo ya ce ya tafi da su duka, shara ce, ba mai sayen abin da ya riga ya tarwatse.

Ya karɓa ne kawai don ba ya son komawa ɗakin nan da babu kowa ya zauna yana kallon bango. 'Yarsa guda ɗaya ta riga ta yi aure, ɗakin ya yi masa girma. Wata huɗu ya yi yana haɗawa yana warwarewa, ba littafi ba hoto, sai sanin babur da ya tara a kan benci: ya san inda tanki yake zama, ya san ta inda salansa take bi. Ranar da abin ya tsaya da ƙafarsa a kan tebur, baƙi wuluk, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, sai ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa wanda duk ta'aziyyar mutane ba ta saukar ba. Yana ɗan shekara arba'in da tara ya mallaki babur ɗinsa na farko, kuma irin wanda ba ya kayar da kowa.

Daga nan abin ya zame masa ciwo. Duk dilar da aka buɗe, Mai Gwanjo yakan ware masa ledar tarkace, yana yi masa tsiya wai an yaye shi da wuri ne, yanzu yake ramawa. Wani lokaci a sami rabin babur a haɗe, wani lokaci littafin hotunan haɗawa da wani yaro ya yage wa shafukan tsakiya, sau da yawa kuwa ba a samun komai sai ƙura da gashin kare. Cikin shekara goma sha biyu ya tayar da babura tara. Abin da ya rage, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa, yakan zuba a wani babban gwangwanin madara, yana kiransu marayu.

Da yadda yake kula da su haka ya kula da kansa, da bai tsufa da wuri ba. Duk abin da ya shigo daga gwanjo sai ya yi wanka kafin ya haɗu da 'yan gida. Ruwa mai ɗumi-ɗumi yake sawa, ba mai zafi ba, don zafi yana lanƙwasa roba ta daina kamawa, da ɗigon sabulun wanke-wanke, da tsohon burushin haƙori na bin ramuka ɗaya bayan ɗaya. Shanya kuwa a inuwa, a kan tawul. Wannan da ciwon rai ya koye shi, shekarar da ya bar farin babur a bakin taga har ya koma launin haƙoran mai shan taba. Ba ya raba bulo da wuƙa, ba ya raba shi da haƙori, ko da yake rabin kayan nasa da shaidar haƙoran 'ya'yan wasu suka zo. Waɗannan ba ya jin haushinsu. Yakan shafa wurin da babban yatsa, ya ce mai haƙoran nan yanzu ƙila ya yi gemu.

Abin da yake jin haushi gam ne. Akwai iyayen da in sun gaji da tsintar bulo a ƙasa sai su bi abin da gam su liƙe shi gaba ɗaya, kuma irin waɗannan ma suna zuwa a dila, kyawawa a ido, ƙam kamar dutse. Shi da Mai Gwanjo mushe suke kiransu, ko kyauta aka ba shi ba ya ɗauka. A wurinsa duk daɗin abin yana cikin 'yar ƙarar nan, ƙas, da bulo yake yi in ya shiga gurbinsa, da kuma sanin cewa gobe za ka iya fitar da shi.

Babba a cikin taran jan babur ne, ya kusa kamu guda, mai inji irin na gaske: in ka tura tayar baya, sarƙa ta ja, fistin biyu su riƙa hawa da sauka. Wato haka ya kamata ya yi. Nasa ba ya yi, don can a tsakiyar injin akwai gurbin wani ɗan faifai mai haƙora, bai fi maɓallin riga ba, wanda bai zo a leda ba. Shekara bakwai yana nemansa. Har zana shi ya yi da biro a bangon shagon Mai Gwanjo, don kada ya wuce a shara ba a gane shi ba.

'Yar tasa tela ce, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ta gaji taurin kan uban ta ƙara da nata. Mace ce da ba ta iya ganin maɓalli yana lilo a rigar baƙo ba ta ɗauko allura ba. Ba ta shawara, gyarawa take, sai dai ka ga aiki. Tana son ubanta so mai tsanani, irin wanda ba ya zama ya saurara. Baburan ba ta taɓa raina su a fili ba. Ta ɗauke su kamar tarin tsoho, abu ne dai da yake yi. Mijinta mai gyaran waya ne, mai ladabi, mai tsaftar aiki, wanda kafin matarsa ta rufe baki ya riga ya ɗauko kayan aiki.

Idon Mai Lamba ta gefe ya fara tafiya, a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Abin da ke gabansa yana gani sarai, amma dama da hagu duniya tana tsukewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya fara karo da bakin ƙofa, ya ce kafinta ne bai iya aiki ba. Haka aka yi ta tafiya har ranar da, da rana tsaka, yana zaune a bencinsa idonsa biyu, wani ya turo babur ɗin mai sayar da fenti ya wuce ta hagunsa, kusa har da ya miƙa hannu da ya taɓa shi, amma bai gan shi ba. Ɓarawon bai tayar da injin ba, balle kunne ya cece shi. Mai fenti ya dawo da lambarsa a hannu ya tarar da wuri wayam.

Shugabannin kasuwa suka zaunar da shi suka ce barci ya yi. Tun da yake bai taɓa runtsawa a bakin aiki ba, amma ya sunkuyar da kai ya karɓa. Gara a ce ya yi barci da a ce ya makance, don mai barci yana farkawa. Suka sallame shi da 'yan kalamai masu daɗi, washegari wani ya hau bencin. Shekara talatin da ɗaya, kuma abin da kasuwa za ta riƙa tunawa da shi ke nan, mai gadin da aka sace babur yana minshari. Wannan ya ci masa rai fiye da idon kansa.

Asibiti shi kaɗai ya je. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ɓarna a ɓoye. Abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma ba tabbas. Ya ba shi maganin ɗigawa. Mai Lamba ya dawo ɗaki ya zauna gaban baburansa yana tunanin abin da makaho yake yi da wuni guda. Ba mutuwa yake tsoro ba, ba ma duhun ba. Zaman yake tsoro: a ɗora shi a kujera tun safe, a kawo abinci a ɗauke kwano, hannunsa biyu a kan cinya har rana ta faɗi, gobe ma haka.

Sai ya yanke wata shawara da bai gaya wa kowa ba. Zai koya wa yatsunsa baburan nan tara tun idon yana nan yana yi musu gyara. Ya samo faranti mai faɗi mai baki, don kada komai ya gangara. Ya warware babur, ya rufe ido, ya haɗa. In ya kakare ya buɗe ya duba, ya sake wargazawa ya faro daga farko. Yatsa ba ya jin launi, don haka ya koyi gane kowane bulo da shaidar haƙori, da karce, da wanda ya ɗan saki da wanda yake da taurin shiga. Ya tsara abinsa tsaf: babur ɗaya mako ɗaya, mako tara ya zagayo ya sake. Da wannan mutum zai kai kabari bai zauna banza ba. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne, to shi nasa duwatsun yake tarawa tun da sauran haske.

Tun da aiki ya ƙare, 'yar ta ƙi yarda ya ci gaba da zama shi kaɗai. Ta kwaso shi da kayansa zuwa gidanta, ta ba shi ɗakin da ke jikin na ɗinkinta, kuma nan ne ta fara lura. Duk lokacin da ta leƙa sai ta tarar da babur a tarwatse a faranti, uban yana lalube, gumi a goshi, wani lokaci yana rarrafe a ƙasa yana neman abin da ya faɗi. Makon jiya baƙin, wannan makon shuɗin. Rannan ta tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya ta tambaye shi.

"Baba, wai me ke damun baburan nan ne? Kullum sai na ga ɗaya a wargaje."

Ga ƙofa a buɗe, da ya shiga da an huta. Amma faɗin gaskiya yana nufin ya ce mata ya kusa makancewa, ya ga fuskarta ta canza, ta fara yi masa magana da muryar da ake yi wa marar lafiya.

"Tsufa ne, uwata," ya ce. "Roba ta saki, da kansu suke zubewa. Ina ta fama dai."

Ta ce Allah sarki, ta koma kan kekenta. Shi kuwa har daɗi ya ji, wai ya iya ƙarya.

Asirin idon ya tonu bayan wata biyar, ranar da ta ajiye masa kofin shayi a damansa ya yi ta jiran shayi har ya huce. Ta bi aljihun rigarsa wajen wanki ta ga kwalbar magani. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ja shi gaban likita kamar ɗan makaranta, aka ce a yi aiki a gwada ceton abin da ya saura, zai kwanta kwana biyar. Maganar ido ta fito fili, amma maganar babura ba wanda ya koma kanta. Shi ya ma manta ya taɓa yin wata ƙarya. Kafin ya tafi ya haɗa su duka tara ya jera a kan tebur, ya goge su da tsumma. Bakwai ya riga ya haddace su da hannu, biyun ma sun kusa.

Aikin bai ceto komai ba sai bambancin haske da duhu. Yana gane inda taga take, shi ke nan. Ma'aikatan jinya suka yi ta mamakin haƙurin tsohon nan, ba kuka ba ƙorafi, har tsokanarsu yake. Ba haƙuri ba ne, shiri ne. A kan gadon yatsunsa suna ta motsi bisa bargo, yana bitar jan babur daga ƙasan inji har madubi, yana ɗokin gida kamar ango.

Tun daga bakin ƙofar falo hancinsa ya ji wari, wani wari mai yaji wanda ya sani amma ya ƙi yarda ya sani. 'Yar tana riƙe da hannunsa, muryarta cike da murna, tana cewa sun yi masa wani abu. Ta kai shi gaban wani sabon kabad ta ɗora tafinsa a kan gilashi mai sanyi, ta buɗe da ɗan makulli, ta ɗauko jan babur ta sa masa a hannu. Ya kai babban yatsa ƙarƙashin sirdi, inda kullum yake farawa, ya tura. Bai motsa ba. Ya tura tanki. Ya gwada fitila, wadda a da ko numfashi ka yi mata da ƙarfi cirewa take, ita ma ƙam.

Surukin ya matso yana bayani cikin ladabi, da jin daɗin wanda ya yi aiki mai kyau. Gam ne na musamman, ba kauri, kamar ruwa yake. Da bakin allura ya bi kowace gaɓa, gam ɗin da kansa yake shigewa ciki. Kwana huɗu ya rufe shago saboda aikin nan. Ya kula bai taɓa tayoyi da sarƙoƙi ba, duk suna juyawa. Marayun gwangwani ma ko ɗaya ba su zubar ba, ya harhaɗa su ya yi wa kowane babur ɗan dandamalin tsayawa, ya liƙe.

"Na tuna yadda kake wahala da su kana gani ma, Baba," in ji 'yar. "Na ce yanzu in suka zube wa zai tsince maka? Yanzu ko faɗuwa suka yi ba abin da zai same su."

Ya tsaya da mushe a hannu. Maganar da ta zo masa baki, da ta fito da ta ƙona gidan. Amma wa zai zaga? Ta tambaye shi, da bakinsa ya ba ta amsa, ita kuwa ta yi abin da take yi wa duk maɓallin da ta ga yana lilo. Ya haɗiye, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ce a kai shi ɗaki ya gaji.

Zaman da ya ji tsoro ya zo, bai rage masa komai ba. Kujera tun safe, a kawo abinci a ɗauke kwano, keken ɗinki yana kuka a bayan bango. Farantin nan mai baki aka mayar da shi kicin. Masu zuwa dubiya sukan tsaya gaban kabad su yi ta yabawa, 'yar tana gaya musu cikin alfahari cewa Baba ne ya haɗa su da hannunsa, shi kuwa yana jin su daga ɗaki, zuciyarsa baƙi ƙirin. Wani lokaci yakan sa a kawo masa ɗaya ya riƙe, ya bi gaɓoɓin da farce ko Allah zai sa surukin ya tsallake guda. Mutumin ƙwararre ne, bai tsallake ba.

A wata na biyu Mai Gwanjo ya zo, da hayaniyarsa tun daga waje. Bai ko gama gaisuwa ba ya kama hannun Mai Lamba ya buɗe tafin ya sa masa wani abu ƙarami, mai haƙora kewaye. Yatsun suka gane shi kafin kai ya gane. A ƙasan dila ya same shi, in ji Mai Gwanjo, maƙale cikin takalmin wata 'yar tsana, har sai da ya kai shi jikin zanen bango ya gwada. Ya ce a fito da jan nan, yau sai ya ga fistin suna rawa kafin ya bar gidan.

Makullin yana jikin kabad, don haka da kansa ya je ya ɗauko. Mai Lamba ya ji takunsa ya dawo, ya ji dariyar ta yanke, ya ji ƙarar farce a jikin roba. A daidai lokacin ya ji takun 'yarsa daga kicin, da ƙarar kofuna a kan faranti.

"Wane mugun ne ya yi maka wannan?" in ji Mai Gwanjo. "Duk taran mushe? Kai da ko kyauta ba ka karɓar mai gam? To yanzu ta ina za a buɗe injin a sa shi?"

"Ni na sa a yi," in ji Mai Lamba. "Sun isa hutu."

Mai Gwanjo ya san shi shekara da shekaru, ya san ƙarya yake. 'Yar ta ajiye farantin kofunan a hankali. Baƙon ya sha shayinsa da zafinsa, ya tuna wani uzuri a kasuwa, ya tafi.

'Yar ba wawuya ba ce. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, sannan ta yi magana.

"Ba zubewa suke yi ba ko, Baba? Kai kake warware su."

Ya ce haka ne.

"Ido rufe nake tarar da kai. Na ɗauka gajiya ce."

Ya ce koya wa hannu yake, don irin wannan lokacin.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin tambaya, uwata. Ni na yi miki ƙarya."

Kukan da ta yi ranar ya fi na ranar da ta ga kwalbar magani, kuma bai da abin da zai rarrashe ta da shi, don shi ma ransa a ɓace yake, da ita da kansa, ya rasa wanda ya fi. Surukin ya kawo wani ruwa da aka ce yana narkar da gam, ya gwada a jikin baƙin babur, na farkon nan. Ya narkar da gam ɗin tare da robar, tankin ya koma kamar kyandir da ya ɗiga. Suka sayo sabo fil a kwali da littafinsa, amma littafin hotuna ne, hoto kuwa ba ya karantuwa da baki. Ta zauna sau biyu tana ce masa wannan ɗan dogon ya sa a kan wancan mai lanƙwasa, bulon duk sumul, ba haƙori ba karce, ba wanda ya sani a cikinsu. A zama na biyu ya ce ta bari, ɗinkin mutane yana jiranta. Hannu ba ya haddace abin da ido bai fara nuna masa ba, aƙalla ba hannun ɗan shekara sittin da biyu ba. Kwalin yana ƙarƙashin gado har yau.

Yanzu an rufe kabad ɗin da wani yanki na yadi, baƙi sun daina yabawa. Ɗan faifan mai haƙora yana aljihun gaban rigarsa, duk rigar da ya canza da shi yake canzawa. Kwanan baya wajen wanki 'yar ta ga aljihun wata riga ya fara yagewa ta ƙasa. Ta ɗauko allura ta zura zare, sai ta tsaya. Ta zo bakin ƙofa da rigar a hannu ta tambaye shi ko yana so a ɗinke. Tun da ta iya riƙe allura, ranar ta fara neman izini kafin gyara. Ya ce ta ɗinke, kada abin ya faɗi. Yana zaune ta wajen da taga take, jan babur a cinya, yana tura tayar baya da yatsa. Sarƙa tana ja, a ciki ba abin da yake motsi.